Injiniya Mikail Sabis da Layin Rijiya

Birnin Kano bai taɓa rasa manyan mutane ba. An yi malaman da suka haddace littafi har da shafin da gara ta ci, an yi fataken da suka taka Gwanja da ƙafa suka dawo. Amma duk wanda zai lissafa gwarazan cikin badala bisa adalci, dole ya bar gurbi, gurbi mai faɗi yadda babbar riga za ta sake, ga Honarabul Alhaji Injiniya Mikail Sabis na Ƙofar Na'isa, bawan Allahn da aka hore wa sanin abin da ke yawo a iska.

Kada a tambayi makarantar da ya yi injiniyancin. Wannan tambayar mahassada ce. Wasu sai sun shekara biyar a jami'a suna cin garin kwaki kafin a kira su injiniya, shi kuwa rana ɗaya abin ya sauko masa. Lokacin da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, Mikail yana Ƙofar Wambai yana sayar da bokitan roba da butoci. Bayan shekara biyu wayar salula ta shigo gari, layi ɗaya yana tsadar saniya. Sai ya sayar da rumfarsa da rabonsa na kangon gado, ya sayo waya da layi. Shi ne na farko a lungunsu. A zamanin nan sabis ba ya shiga lungu sai dai a bi shi inda yake, don haka kullum da yamma za ka hango Mikail a kan tudun tsohuwar ganuwa, hannu ɗaya a sama, yana juyawa a hankali kamar mai neman jinjirin wata. In sanda ɗaya ta bayyana a fuskar wayar sai ya yi gyaran murya, na ƙasa su san an dace. A nan sunan Sabis ya kama shi. Injiniya kuwa wani mai shayi ne ya fara kiransa da shi, don ya ara masa wayar ya gai da ƙaninsa a Ikko. Mai shayin ya daɗe da mantawa. Mikail bai manta ba.

Honarabul ɗin siyasa ce ta kawo shi. Ya yi wa wani ɗan takarar kansila yawon kamfe, yana riƙe masa waya a taro, da aka ci zaɓe aka naɗa shi Babban Mai Ba Kansila Shawara na Musamman kan Sadarwa da Fasahar Zamani. Ofishinsa benci ne a ƙofar gidan kansila, wanda yake rabawa da sauran masu ba da shawara goma sha ɗaya. Kansiloli sun zo sun wuce, jam'iyyu sun tashi sun faɗi, Mikail yana nan daram, domin halinsa ɗaya da sabis ɗin: duk ƙarfen da ya fi tsawo, shi yake kamawa.

Wayoyi huɗu yake yawo da su. Biyu a aljihun gaba, ɗaya a hannu, ɗaya a kunne ko da babu mai magana a ciki. Iliminsa kuwa kogi ne. Yana iya loda kati ba tare da ya duba ba. Ya san cewa in waya ta faɗa ruwa a binne ta a shinkafa. Amma babban fanninsa, wanda ya yi fice a kai har ba a ja da shi a majalisar mai shayi, shi ne ilimin lamba.

"Layi kamar mutum ne," haka yake karantar da jama'a. "Asali gare shi. Ka ga lamba ta jeru, bakwai na bin bakwai, wannan ɗan gidan girma ne. Ka ga lamba a hargitse, uku nan, tara can, to ka bincika, ba za ka rasa abin kunya a danginta ba."

Saboda wannan ilimi ne ba ya ɗaga kiran lambar da ba ta da tsari. Ya ce kunnensa ba bola ba ne.

Shekara kusan ashirin da dawowar farar hula, wata ƙungiyar agaji ta zo ta haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana a wani fili da ke bayan lungun su Mikail. Wanda bai zauna a cikin gari ba ba zai san girman wannan abu ba. Famfon gwamnati a unguwar ya daɗe da zama wurin ɗaure akuya. Mata sun saba auna ruwan wanka da kofi. Ranar da aka ɗora tanki a kan ƙarfe, aka jera famfuna shida a ƙasansa, tsofaffi har hawaye suka yi. Mutanen unguwa suka haɗu suka ba Baba Ɗanjuma aikin kula da famfunan. Shi tsohon ɗan garuwa ne, shekara talatin da wani abu yana ɗaukar wa unguwar ruwa, da sanda a kafaɗa tun ana yayin garwa, daga baya da kurar turawa, har bayansa ya lanƙwashe. Kowa ya ce ya cancanci ya zauna a inuwa ya ga ruwa yana zuwa da ƙafarsa.

Injiniyar da ƙungiyar ta turo, wato ta gaske mai takarda, Husaina ce, 'yar unguwar, 'yar marigayi Malam Ilu tela. Mikail ya san ta tun tana tallan gyaɗa. Wannan kaɗai ya isa ya tabbatar masa ba ta san komai ba.

A jikin ƙafar tankin Husaina ta kafa wani akwatin ƙarfe ruwan toka. A cikinsa akwai makunnin injin, da wata 'yar na'ura mai ƙaramar fuska da maɓallai huɗu, da layin waya a cikinta. Ta tara 'yan kwamitin rijiya ta yi musu bayani dalla-dalla. Ta ce na'urar tana aika rahoto ofishinsu kullum: yawan ruwan da aka ja, da lafiyar injin da ke can ƙasa. In ruwan ƙasa ya ja baya injin ya fara jan iska, na'urar za ta sanar da su nan take, su kashe shi daga ofis kafin ya ƙone. Ta ce kwana uku ta yi tana gwada layukan kamfanoni a wurin, ta tarar ɗaya ne kawai yake ratsa katangun ƙasar nan masu kauri, shi ta zaɓa. Kuma ba irin layin da ake kira da shi ba ne, layin na'ura ne, ba ya ƙara, ba ya karɓar kira, ba a yanke shi don an daɗe ba a yi magana ba. Ta nuna musu wani wuri a saitin na'urar da ake ce wa APN, ta ce sunan ƙofar da layin yake bi ya shiga intanet ne, kamfanin ne ke bayar da shi, harafi ɗaya in ya kuskure ƙofar ba ta buɗuwa. Ta nuna musu koriyar fitila, ta ce muddin tana ci, lafiya lau. Ta roƙe su don girman Allah kada a taɓa.

Duk bayanin nan Mikail yana tsaye a gefe, waya a kunne, yana murmushin manya. Da ta gama ya ce, "Kin yi ƙoƙari, 'yar nan. Da kin zo kin same ni tun farko da ba ki sha wahalar kwana uku ba."

Ta ce, "Na gode, Baba."

Ƙa'idar ƙungiyar ita ce in an gama aiki a miƙa makulli ga kwamitin unguwa. Mai Unguwa ya duba hagu ya duba dama, ya ga babu wanda ya kai Mikail yawan waya, ya miƙa masa. An ba kura ajiyar nama, an kuma yi mata addu'ar Allah Ya taya ta riƙo.

Ana jibi bikin buɗewa, da hantsi, Injiniya ya zo duba aiki. Ya sa Baba Ɗanjuma ya riƙe masa lema, ya buɗe akwatin, ya zaro layin da farcensa. Abin da ya gani ya tayar masa da hankali. Layin fari ne fat, ba launin kamfani, ba tambari, sai wasu lambobi barkatai a jere kamar tururuwa. Ya saka shi a wayarsa ya gwada kiran ɗaya wayar tasa, shiru. Ya girgiza kai cikin takaicin masani.

"Ka gani ko, Ɗanjuma? Layi ba uwa ba uba. Ba ya gaisuwa, ba ya amsawa. Wannan za a nuna wa Ciyaman jibi? A unguwar da nake?"

Baba Ɗanjuma ya ce shi dai ya ji yarinyar ta ce kada a taɓa. Mikail ya tambaye shi waya nawa ya taɓa mallaka a rayuwarsa. Tsohon ya ce ko ɗaya. Aka rufe wannan babi.

Ya hau ɗan sahu ya nufi kasuwar 'yan waya, ya wuni yana zaɓe kamar mai zaɓen ragon layya. Bai tambayi wane kamfani ne ke kamawa a filin ba, ya zaɓi kamfanin da allon tallansa ya fi girma a titi, domin a cewarsa babban allo ba ya ƙarya. Ya samu lamba mai ƙarewa da bakwai guda biyar a jere. Ya yi mata rajista da sunansa da hotonsa, ya gyara hula kafin a ɗauka. Da la'asar ya dawo ya cusa ta a na'urar.

Na'urar ta nemi saiti. Ya danna, ya danna, har ya iso wurin nan da Husaina ta nuna. Rubutun turanci ne kalma uku. Biyun farko ba su gaisa da shi ba, amma ta ukun tsohuwar abokiyarsa ce, yana ganinta a kowane fom. An ce "Name". Ya duba abin da ke rubuce a wurin, wasu 'yan haruffa marasa ma'ana da ɗigo a tsakani. Ya yi tsaki. An tambayi suna, yarinya ta rubuta shirme. Ya goge, ya fara shigar da amsar gaskiya da maɓallan nan huɗu, harafi bayan harafi, gumi yana ɗiga daga haɓarsa: Honarabul Alhaji Injiniya Mikail Isyaku Sabis.

Gurbin bai ɗauka ba. Dole a rage kalma ɗaya.

Nan fa babban mutum ya shiga tsaka mai wuya. Honarabul ba ta ciruwa, gwamnati ce ta ba shi. Alhaji ba ta ciruwa, ya sha rana a kanta. Injiniya kuwa ai ita ce dalilin zuwansa wurin. Sabis sunan da duniya ta san shi da shi ne. Ya yi nazari irin na masu hangen nesa, sannan ya goge Isyaku, sunan mahaifinsa. Sauran suka shiga cif.

Koriyar fitila ta mutu, ja ta kama.

Baba Ɗanjuma ya nuna ta da baki, ya ce a da koriya ce. Mikail ya ce ai ci gaba ke nan, kore na masu koyo ne, ja kuwa ko a fada sai manyan dogarai. Ya rufe akwatin, ya cire kwaɗon ƙungiya ya sa nasa, wani ƙato mai kamar na kurkuku. Farin layin kuwa ya jefa shi aljihu. Daga baya ya gano yana da daɗin kankare katin waya, ya ce ashe dai ba a rasa amfanin abu.

Ranar buki lokacin kamfe ne, don haka ba a rasa manyan baƙi ba. An kafa rumfa, an yi hayar kujeru. A jikin tankin an rataye sabon allo wanda Mikail ya sa aka rubuta. Sunan ƙungiyar da ta haƙa rijiyar yana can ƙasa, sai ka tsuguna za ka karanta. A sama, da jan fenti, sunansa ne da lambar nan mai bakwai biyar, da bayani: Layin Rijiya Kai Tsaye. Husaina ba ta samu zuwa ba, tana wani ƙauye wajen Rano ana kafa wata rijiyar.

Da aka ba shi lasifika ya yi minti arba'in.

"Mai girma Ciyaman, a yau Ƙofar Na'isa ta shiga sahun Dubai. Wannan rijiya da kuke gani ba rijiya ba ce kawai, dijital ce. Tana da lamba kamar kowane ɗan ƙasa. Akwai ƙananan ma'aikata da suka yi iya ƙoƙarinsu, ba za mu raina musu ba, amma da aikin ya zo hannun ƙwararru sai da muka yi masa gyara na musamman. Na ɗora ta a kan netiwok mai daraja. Na shigar da ita intanet da sunana, don in an gan ta a can sama a san tana da gata."

Ciyaman ya murɗa famfo, ruwa ya zubo, mata suka yi guɗa. Injin dai rana yake sha, ba ruwansa da lamba, amma wa zai tsaya bayani ana kiɗa? Mikail ya buɗe hannuwa yana karɓar tafi kamar shi ya yi ruwan.

Kashegari Husaina ta kira shi. Lambarta ba ta da tsari, sai da ta kira sau shida ya ɗaga bisa kuskure. Ta ce rijiyar ta ɓace daga kwamfutarsu yau kwana uku. Ya ce komai yana ƙarƙashin kulawa. Ta zo da kanta bayan mako guda, ta tarar da baƙon kwaɗo, mai makullin kuma yana yawon kamfe. Ta sake dawowa, ta same shi a kan bencinsa. Ya saurare ta da haƙuri irin na dattawa, sannan ya ce buɗe kayan gwamnati ba wasan yara ba ne, ta rubuto takarda zuwa ofishin kansila, za a miƙa wa mai ba da shawara kan sadarwa ya duba. Ta rubuto. Takardar ta iso hannun mai ba da shawara, ya karanta, ya rubuta a gefe cewa ana nazari.

Ta je wurin Mai Unguwa. Dattijon ya saurare ta, ya leƙa waje ya ga mata suna wucewa da bokitai cike, ya ce, "To 'yata, ruwa dai ga shi yana zuwa." Lokacin zaɓe ne, ba mai son rigima da na kusa da kansila. Husaina tana da rijiyoyi arba'in a wuyanta, daga Rano har Ɗambatta. Ta rubuta a rahotonta, ta ja Baba Ɗanjuma gefe ta ce in ya ga famfo yana tari yana fitar da iska, a kashe injin nan take, ko minti goma kada a ƙara. Tsohon ya ce to. Bai ce mata makunnin yana bayan kwaɗo ba, domin ta riga ta sani.

Wata bakwai ruwa yana zuwa. Wata bakwai Mikail yana kawo baƙi ziyara. Yakan tsaya gaban tankin ya kira lambar, a ce masa ba a samun ta, ya juyo ya ce wa baƙin, "Kun ji ko? Tana bakin aiki, ba ta son damuwa." In ganga ta cika zaƙi, an san abin da ke biyo baya.

Bazara ta zo da zafin da ya fi na bara. Ruwan ƙasa ya ja baya. Wata Talata da azahar, ana saura kwana tara azumi, famfo na farko ya yi tari. Na biyu ya amsa. Baba Ɗanjuma ya miƙe ya dafa akwatin ya ji shi kamar tanda. Ya ruga gidan Mikail da ƙafafunsa na tsufa, aka ce yana otal wajen taron ƙara wa juna sani. Ya roƙi Lami mai ƙosai ta kira shi. Ta kira waya ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ta huɗu, ta sake zagayowa. Duk suna shiga. Injiniya yana zaune a sahun gaba cikin sanyin na'ura, ya duba lambar Lami, ya ga uku nan tara can, ya kife wayoyinsa. Tsohon ya dawo ya ɗauki dutse zai fasa kwaɗon, mutane suka riƙe shi, suka ce kayan gwamnati ne, kada ya ja wa kansa ɗauri. Kafin la'asar wani wari kamar na ƙonanniyar roba ya taso daga bakin rijiyar. Famfuna shida suka yi shiru.

Azumi ya kama unguwar a bushe. Mata suka koma auna ruwa da kofi. Lami ta daina suya, don ba ruwan wanke wake. Masu tura kura sun riga sun watse zuwa wasu unguwanni tun da aka buɗe rijiyar, waɗanda suka rage ba sa isa. Baba Ɗanjuma, da ya ga tsofaffin da ya shekara talatin yana kai wa ruwa suna buɗa baki da ragowar na randa, ya je ya karɓo tsohuwar kurarsa. Rana ta shida ga azumi, a hawan nan na kusa da ganuwa, kurar ta rinjaye shi ta dawo ta bi ta kan ƙafarsa. Aka kai shi wurin mai ɗori.

Shi kuwa Injiniya bai yi ƙasa a gwiwa ba wajen wayar da kan jama'a. Ranar farko ya ce sabis ne ya yi nauyi. Rana ta biyu ya ce 'yan adawa ne suka yi wa rijiyar kutse daga waje. Rana ta uku ya tafi Abuja wani muhimmin taro, wanda wasu suka ce a gidan ƙanwarsa da ke Ɗorayi, nan cikin Kano, aka yi shi. Mutanen unguwa kuwa ba su da inda za su kai kuka sai allon nan. Ga suna, ga lamba da jan fenti. Suka dinga kira, maza da mata, safe da yamma. Abin mamaki, yanzu lambar tana shiga.

Rana ta goma sha tara da ɗaukewar ruwa, Mai Unguwa ya ga abin ya fi ƙarfin kawaici. Ya kira taro a gindin tankin bayan la'asar, ya aika aka zo da Husaina da wani babba daga ƙungiyarsu, ya kuma aika wa Mikail cewa in bai zo da makulli ba za a zo da maƙeri. Ya zo, cikin shadda mai maiƙo, yana ƙamshin turare a tsakiyar mutanen da suka kwana biyu ba su yi wanka ba. An kawo Baba Ɗanjuma a kan kujera, ƙafa a ɗaure da karare.

Husaina ta buɗe akwatin. Ba ta ɗaga murya ba. Ta zaro layin ta nuna, ta ce wannan ba nasu ba ne, layin kira ne, kuma na kamfanin da ko sanda ɗaya ba ya kawowa a filin nan. Ta danna maɓalli ta shiga saitin, ta tsaya, ta sake dubawa. Mai Unguwa ya ce ta karanta abin da ta gani. Ta ce gara dai wani ya karanta. Wani malamin makaranta ya leƙa ya karanta da ƙarfi, tun daga Honarabul har Sabis. Wani tsoho daga baya, abokin marigayi Isyaku, ya tambaya ko ba a sa sunan uban ba. Aka ce ba wuri.

Mutumin ƙungiyar ya ce injin ya ƙone ƙurmus, kuma da yake an canza kayan cikin akwatin, kamfanin da ya sayar da shi ba zai musanya ba. Sai an nemo wani. Ba kafin salla ba.

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Mikail ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannu.

"Jama'a, kada a ruɗe ku da turancin yara. Layin da na saka layi ne mai asali, kuma yana aiki har gobe. Wanda ya cire shi yanzu a gabanku shi ya san abin da ya taɓa. Amma rijiya tana kan netiwok, da layi a ciki ko babu, don na riga na yi mata rajista a sama. Ku yi shiru ku ji."

Husaina ta buɗe baki za ta ce layin da ya shekara rabi ba a yi amfani da shi ba kamfani yakan karɓe lambar ya sayar wa wani, amma ya riga ya danna. Ya sa wayar a sifika, ya ɗaga ta sama yadda kowa zai ji.

Ta shiga. Ƙara ɗaya, ƙara biyu. Fuskar Injiniya ta washe, ya juya yana kallon jama'a ɗaya bayan ɗaya. A ƙara ta huɗu aka ɗaga.

Muryar tsohuwa ce, a gajiye, da kukan awaki a bayanta. Ba ta jira sallama ba.

"In maganar ruwa ce, na gaya muku ni ba rijiya ba ce. Sunana 'Yardada, a Ringim nake, jikana ne ya sayo mini layin nan watan jiya don in riƙa jin muryarsa."

Mikail ya yi gyaran murya. "Hajiya, kina magana ne da Honarabul Alhaji Injiniya Mikail..."

"Kai ne Mikail ɗin?" Muryar ta farfaɗo kamar an ba ta ruwa. "Alhamdu lillahi. Yau kwana goma sha tara ina roƙon Allah Ya haɗa ni da kai. Ɗan nan, na sha zagi a kanka wanda ban sha ba tun da uwata ta haife ni. Mata suna kira suna yi mini kuka da azumi a bakinsu. Wata ta ce jaririnta ƙurji ya cinye shi don ba ruwan wanka. An ce ka karya wani tsoho. Ni ban san ka ba, amma na san aikinka kaf. An ce yarinya ta yi abinta daidai ka zo ka sa hannu. Wai kai injiniya. Ni nan da kake ji ban yi boko ba, amma ko tukunyar wata na tarar a kan wuta ba na buɗewa. Ka ba mutane makullinsu, ka je ka nemi sana'a."

Yana ta laluben maɓallin kashewa, yatsa yana zamewa saboda gumi, sai da ta ƙara da cewa in yana da sauran kunya ya goge lambarta daga jikin tankin kafin magariba.

Baba Ɗanjuma ne ya fara, daga kan kujerarsa, yana dariya yana riƙe ƙafa don zafi. Daga nan filin ya ɗauka.

Mai Unguwa ya miƙa hannu, aka sa masa makulli. Husaina ta tambayi farin layinta. Mikail ya lalubo shi daga aljihu, gefensa duk ya cinye da kankarar kati, ba ya moruwa. Ta karɓa ta duba, ta ce, "Na gode, Baba," kamar yadda ta faɗa ranar farko, ta juya ga aikinta.

Sai bayan salla da mako uku aka samu sabon inji. Husaina ta kawo wani farin layin, ta rubuta 'yan haruffan nan marasa ma'ana da ɗigo a tsakani, fitila ta koma kore. Makullin yana wuyan Baba Ɗanjuma a jikin igiya, yana ɗingishi da shi har yau. An shafe allon da farin fenti.

Kada a ɗauka wannan ya rage wa babban mutum daraja. Yana nan a kan bencinsa, sabon kansila ma ya sabunta masa muƙami. In baƙo ya zauna kusa da shi, ba a jimawa zai ji cewa a duk faɗin Kano, ciki da wajen badala, shi ne mutum na farko da ya taɓa kiran rijiya a waya ta ɗaga. Kuma gaskiya ya faɗa, an yi haka a gaban shaidu. Abin da ta ce masa ne kawai ba ya kawowa, amma wannan ba matsala ba ce. Duk macen da baƙon ya tarar a bakin famfo za ta karanta masa shi, ba tuntuɓe.